Aunon Hadari a Gonar Kawu

Ranar da saƙo ya iso cewa an amince da aikinmu ina buro, wato ofis, a Yamai, kuma ban san lokacin da na miƙe na fara zagaya tebur ina tafi ni kaɗai ba. Shekara da shekaru ina neman wannan dama ana ce mini in yi haƙuri sai baɗi. Yanzu ga shi an ce in ɗauki na'urori na aro, in zaɓi mutum biyu, in tafi ƙasar Damagaram in yi damina ina auna hadari, kuma ni ce shugabar tafiya. Na kira mahaifiyata a Zinder, ina magana ina haɗiye rabin kalmomin don ɗoki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Hadarin da mudu za a auna shi ko da tiya?"

Ni 'yar Birni ce, a tsohon garin Zinder aka haife ni, inda kowa ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Mun tashi muna bin 'yan garuwa da ido, da damina kuma mu jera bokitai da kwanoni a ƙarƙashin indararo tun kafin ɗigon farko ya faɗo. Yaron da ya girma a haka wuyansa ya saba da kallon sama. Sauran sa'o'ina sun girma sun sauke nasu, ni dai nawa bai sauko ba, har na yi karatun meteo, wato ilimin yanayi, na kama aiki a kansa.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki. Masana na da manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa da suke lissafa yadda zafi da ruwan sama za su kasance a duniya nan da shekaru masu zuwa. Lissafin ya iya teku, ya iya sanyin Turai, amma da ya zo kan hadarinmu sai ya rikice. A cikinsa ruwan ƙasarmu yayyafi ne da ke farawa da tsakar rana, kullum kaɗan-kaɗan, kamar mace na yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin shara. Duk wanda ya taɓa yin damina a Damagaram ya san ba haka ba ne. Namu hadarin yini yake yi yana haɗuwa a gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya turo iska mai sanyi a gabansa, ya sauke abin da zai sauke a tashi ɗaya ya wuce. Idan lissafi bai san wannan ba, to duk abin da zai faɗa game da damunan jikokinmu shaci-faɗi ne. Masu gyara lissafin kuwa suna cewa ba su da awo daga wajenmu. Abin da suke so shi ne a kama babban hadari guda, a auna shi tun yana tahowa, a ga yadda gindinsa ke saukowa ƙasa kafin ruwa ya tsinke. Wannan ɗan lokacin na kafin ruwa shi ne naman aikin gaba ɗaya.

Muna buƙatar fili buɗaɗɗe a gabas da Zinder, nesa da duwatsu da gine-gine. Ban yi dogon tunani ba na kira Kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi a wani ƙauye kusa da Gidimuni. A gidansa nake yin hutun makaranta ina yarinya, kuma mutum ne da ba ya iya faɗin magana biyu a jere ba tare da ya sa tsiya a ɗaya ba.

"Gona dai, ɗiyata?" ya ce a salula. "Zo ki yanki kusurwar da ta yi miki. Amma idan kun kama hadarin ku bar mini cinya."

Muka taso da kamiyo, babbar motar kaya, cike da akwatuna, muka bi gudiro, wato hanyar kwalta, ta Mirya, muka sauka cikin rairayi, tafkin Gidimuni da dabinansa na hannunmu na dama. Mu uku ne. Injiniyanmu ɗan Dakar ne, dogo siriri, ba ya jin Hausa sai "sannu" da "na ƙoshi", ta biyun ma ƙarya yake yi, don ban taɓa ganin ya ƙoshi ba. Mai kula da balan-balan kuwa wata Bazabarmiya ce 'yar Yamai, gajeriya mai faɗa, wadda ke gudu cikin rairayi kamar a kan daɓe. Su biyun Shef suke kirana, wato shugaba, ni kuma ina yin kamar abin bai dame ni ba alhali daɗi nake ji har cikin raina.

Kayan aikinmu ba su da wuyar fahimta. Akwai balan-balan manya farare da ake cikawa da iskar gas daga tulun ƙarfe, a ɗaura musu ɗan akwati a saki, su hau sama suna aiko mana da labarin zafi da laima da iska. Akwai doguwar sandar ƙarfe mai farfela a kai, da mazurarai masu auna ruwan da ya sauka. Amaryar tafiyar kuwa wani farin akwatin ƙarfe ne a tsaye, ya kai ƙirjin mutum, da gilashi a samansa. Yana harba wani haske da ido ba ya gani zuwa sama, hasken ya bugi gindin gajimare ya dawo, akwatin ya faɗi nisansa daga ƙasa. Dare da rana yake yi, ba ya hutu. Shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma masu shi sun ja mini kunne cewa kamiyo zai dawo ya ɗauke shi a ƙarshen wa'adi ko mun kama hadari ko ba mu kama ba, don wasu na jiransa a wata ƙasa.

Ranar da muka saki balan-balan na farko ƙauyen duka ya fito. Mata sun bar surfe, maigari ya zo da kujerarsa, liman ma ya tsaya daga gefe yana murmushi. Bazabarmiya ta riƙe shi sama da kanta, ya fi ta girma nesa ba kusa ba, na ƙirga mata da Faransanci ta saki. Ya yi sama yana lilo, wata mata ta rangaɗa guɗa. Na ruga rumfar da muka kafa a gonar na duba ordinater, wato kwamfuta, sai ga lambobi suna zubowa layi bayan layi, daga saman gonar Kawu. Wallahi ji na yi kamar in bi bayan balan-balan ɗin.

Ruwan shuka ya sauka bayan zuwanmu da kaɗan, ba mai yawa ba amma ya jiƙa ƙasa. Kowa ya fita da sungumi, gero ya tsiro ya yi kore shar, aka riƙa yi mana kirarin masu farar ƙafa. Kowace safiya sai an aiko mana da fura daga gidajen da ban ma san masu su ba. Injiniya ya ƙara kalma ta uku a Hausarsa, wato "ƙaro".

Daga nan ruwa ya ɗauke.

Abin da ya faru a kwanakin da suka biyo baya, sai wanda ya yi irin aikinmu zai gane shi. Kullum bayan azahar gajimare zai taso a gabas, ya hau kan juna fari tas kamar tulin auduga, ya fara yin duhu a ƙasa, kowa ya ce yau kam an samu. Kafin la'asar ta yi sanyi sai ya fara yagewa daga sama, ya baje, ya bar sararin Allah wayam. Ga manomi wannan baƙin ciki ne. Mu kuwa a wajenmu dukiya ce, don balan-balan ɗinmu na nuna mana wata busasshiyar iska daga arewa da ke ratsa tsakiyar gajimaren ta cinye shi, abin da masu lissafi ba su taɓa samun awonsa daga nan ba. Sai ka gan mu uku a tsakiyar gona, kowa hannu a miƙe sama. "Dubi can, dubi yadda kansa ke karyewa." "A'a, wancan na hagu za ki kalla." Muna nuni, muna ɗaukar hoto, wani lokaci har da tafa hannu. Masu meteo a duk duniya haka suke, ba za su iya maganar gajimare ba sai da yatsa a sama.

Wata la'asar injiniya yana tsaye ya miƙe dogon hannun nan nasa yana bin wani gajimare da yatsa, sai ji muka yi fau. Wata tsohuwa ce mai gona a maƙwabtan ta Kawu, kowa Kaka yake ce mata. Ta tsallako iyaka ba sallama ta maka masa faifai a hannu.

"Kai wane irin mutum ne?" ta ce. "Kullum sai ya haɗu ka tsone shi ya watse. Ba a koya maka ba a gidanku?"

Injiniya ya riƙe hannunsa ya dube ni ya yi tsuru-tsuru. Ni kuwa dariya ce ta taso mini, na danne ta da ƙyar, don na san maganar. A ƙasarmu ba a nuna hadari da yatsa, ana cewa idan aka nuna shi watsewa yake yi. Ni ma kakata ta sha buge mini hannu a kan haka. Na ɗauka abin ya tafi tare da su kakata, ashe yana nan daram, kuma mutanen da shukarsu ke bushewa sun yi kwanaki suna kallon baƙi uku suna tsone musu hadari suna murna.

Na ba Kaka haƙuri, na ce ba za a sake ba. Da yamma na tara mutanena na koya musu nuni irin namu, a turo baki a ɗaga haɓa, hannu yana cikin aljihu. Bazabarmiya ta ce su ma haka suke yi a gida, mantawa ta yi. Injiniya kuwa ya ɗauki darasin har ya wuce gona da iri, ya koma turo baki ga komai, har butar shayi idan yana son a miƙo masa. Matan da ke wucewa zuwa rijiya suka riƙa rufe baki da mayafi suna dariya. Na ce a raina shi ke nan, an kashe wutar.

Ba a kashe ba. Maigari ya zo da kansa tare da dattawa biyu, ya ce yana so a zagaya da shi a gaya masa aikin kowane ƙarfe. Balan-balan bai dame shi ba, ya ce wannan matafiyi ne, ba ruwansa da kowa. Farfela ma ya ce ai iska take sha. Da muka zo kan farin akwati na yi masa bayani yadda na iya, injiniya kuma don son burgewa ya kara salularsa a kan gilashin, sai ga ɗigon hasken ya fito a hoto yana ƙyalli. Maigari ya daɗe yana kallo.

"Kika ce dare da rana yake yi?"

"Dare da rana, ranka ya daɗe."

"Kuma gindin hadarin yake taɓawa."

"Haske ne kawai, ranka ya daɗe, bai kai na tocila ƙarfi ba."

"To ai ku kun sauke naku yatsun," ya ce a hankali, "kun bar wanda ba ya gajiya."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ina da bakin da zan yi masa lacca daga nan har magariba a kan iskar arewa, amma na dubi gonakin da ke kewaye da mu, gero ya nannaɗe ganye ya yi toka-toka, na haɗiye maganata. Ya yi mana sallama cikin mutunci ya tafi.

Furar safe ta daina zuwa. Kawu bai ce mini uffan ba, kullum zai zo rumfa ya sha shayi ya tsokani injiniya ya tafi. Matarsa ce, Inna, ta ja ni gefe a madafa ta gaya mini abin da ake ciki. Tabarmar da yake shimfiɗawa a ƙofar gida da yamma, wadda a da ba a samun wurin zama a kanta, yanzu shi kaɗai yake zama. A masallaci ana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Wani ma ya ce masa a gaban mutane, shi yana da 'ya a gwamnati da za ta aiko masa da buhu idan shuka ta mutu, su fa? Inna ta ce, "A garin nan aka haife shi, a nan zai tsufa. Ku kuwa kamiyo zai zo ya kwashe ku." Ni kuwa na san ni na kawo masa wannan.

Ana saura 'yan kwanaki kamiyon ya zo, dattawa suka yanke shawara za a fita roƙon ruwa washegari. Maigari ya aiko a gaya mini sharaɗi guda: a rufe farin akwati tun da safe, kada a buɗe sai ruwa ya sauka. Idan mun ƙi, to mu naɗe kayanmu.

A safiyar ranar na buɗe hotunan tauraron ɗan Adam kamar yadda na saba, sai na ga abin da na yi shekaru ina mafarkinsa. Wani ƙaton hadari ya haɗu can ta wajen Chadi, ya yi layi dogo daga arewa zuwa kudu, yana tahowa yamma, kuma mu ne a kan hanyarsa. Na kira su biyun suka leƙo. Bazabarmiya ta daki kafaɗata har sai da na ji zafi. Injiniya ya yi tsalle ya bugi rufin rumfa da kai. Sai da muka gama haukanmu sannan muka tuna da sharaɗin maigari.

"Shef, ba zai yiwu ba," injiniya ya ce da Faransanci. "Wannan shi ne abin da ya kawo mu. Idan sai ruwa ya sauka za a buɗe, to mun rasa komai."

Na ce masa na sani.

"To mu huda ɗan rami a abin da za a rufe da shi. Kamar bakin kwalba ya isa. Wa zai gani?"

Na tsaya ina juya maganar, kuma ba zan ce ba ta ba ni sha'awa ba. Amma irin wannan hadari yakan rabe biyu ya bar gari a tsakiya a bushe, na sha ganin haka. Idan ya rabe, wani kuma ya ɗaga rufin ya ga rami, ba ni za a kalla ba, Kawu za a kalla. Na ce masa a'a. Ya yi ta faɗa, ni ma na tayar masa, har sai da Bazabarmiya ta shiga tsakani. Abu ɗaya muka yarda a kai, ba za a kashe na'urar ba, a bar ta tana auna rufinta.

Na karɓo tabarmar kaba a wajen Inna, na lulluɓe gilashin da hannuna, na ɗaure da igiya tam a gaban dattijon da maigari ya turo shaida. Dattijon ya ja igiyar ya ga ta ɗauru. Kawu yana tsaye a gefe cikin tsohuwar rigarsa ta fita roƙon ruwa. Da dattijon ya tafi sai ya matso.

"Ɗiyata, in aka bar shi a rufe, me za ki rasa?"

"Ba komai, Kawu."

"Ke. Ni za ki yi wa ƙarya?"

Na ce, "Duk abin da muka zo nema, Kawu. Yau ne kawai, kuma ba za a sake ba ni aron kayan nan ba."

Ya gyaɗa kai, bai yi tsiya ba, ya bi sahun mutane zuwa filin idi.

Da hantsi aka yi sallar. Daga rumfa muna jiyo muryar liman iska na kawo ta, da amin ɗin jama'a, da kukan awakin da aka kora aka fita da su. Aka juya riguna baibai kamar yadda ake yi, aka raba sadakar gumba. Mu kuma muka ci gaba da abin da aka bar mana, muna sakin balan-balan muna rubuta iska. Gefen ordinater da ke nuna awon farin akwati kuwa layi ɗaya ne miƙe, ina ta kawar da ido daga kansa.

Bayan azahar gabas ta fara canzawa. Ba irin tulin audugar kwanakin baya ba ne, wannan bango ne, shuɗi mai duhu, daga wannan ƙarshen duniya zuwa wancan, kansa ya baje fari can ƙololuwa. Iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Mutane suka fara taruwa a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke bakin gonar Kawu, maza da mata, da yawansu riguna na nan baibai. Kowa ya zuba wa gabas ido, hannaye a bayan baya ko a cikin hammata, ba mai ko ɗaga ɗan yatsa. Ban taɓa ganin hadari mai kyansa ba. Ina murna ina kuma takaici, don ga shi yana tahowa ni kuma na ɗaure wa na'urata ido.

Sai na ga Kawu ya fito daga cikin mutane. Rigarsa baibai, aljihun a waje yana reto. Ya ratsa kunyoyin gero bai yi sauri ba, ya je gaban farin akwati, ya zaro 'yar wuƙarsa ya datse igiyar, ya yaye tabarmar ya yar a ƙasa.

Hayaniya ta tashi a gindin bishiya. Na ji muryar Kaka tana salati. Maigari ya tako har iyakar gonar.

"Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe," Kawu ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ɗazu muka tashi daga gaban Allah muna cewa shi ke bayarwa shi ke hanawa. In shi ya aiko wannan, akwatin ƙarfe bai isa ya mayar da shi ba. Yarinyar nan ta cika alkawari, da hannunta ta rufe. Ni na buɗe, a gonata. In ya watse, ni na watsa shi, kada a nemi kowa."

Liman yana cikin taron, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Maigari ya dubi Kawu ya dubi gabas, ya juya ya koma inuwa.

Injiniya ya riga ya faɗa kan ordinater. "Shef, yana karantawa." Na ruga. Layin nan miƙaƙƙe ya farfaɗo, ga gajimaren gaba can sama, ga wani yana shigowa ƙasa da shi, lambobi na sauka a hankali kamar mai saukowa daga tsani. Abin da masu lissafi suka ce babu shi, ga shi yana rubuta kansa a gabana. Na riƙe bakin tebur don kada in yi ihu.

Ana cikin haka sai bangon ya fara zamewa. Ɓangaren da ya fi duhu ya karkata arewa kamar zai bi ta wajen Zermu, wani haske ya buɗe a tsakiya daidai saitinmu. Mutanen gindin bishiya suka juyo suna kallon Kawu. Na leƙa waje, Kawu na nan tsaye shi kaɗai kusa da akwatin, ya ba mutane baya. A lokacin na manta da lambobi, na manta da masu lissafi da jikokin da nake ta faɗa. Na san ilimina sarai, na san ba hasken akwati ke raba hadari ba, amma ilimina ba zai zauna da Kawu a tabarmar ƙofar gida ba. Na sami kaina ina addu'a da Hausa tsantsa, irin ta mahaifiyata.

Farfelar kan sanda ce ta fara juyawa. Da farko a hankali, sannan ta haukace. Iska mai sanyi ta bugo daga gabas ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kwantar da geron gonar gaba ɗaya, hasken nan na tsakiya ya rufe ruf. "Yanzu," na ce wa Bazabarmiya. Ta fita da balan-balan iska na neman ɗaga ta tare da shi, ta yi gudu da shi tsakanin kunyoyi ta saki, ya tafi a kwance ya shige cikin baƙin hadarin. Tsawa ta fashe a kanmu. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon rumfa kamar an jefo tsakuwa, na biyu ya biyo, daga nan ba a ƙirgawa.

Mata suka ɗauki guɗa, maza na kabbara, kowa ya watse da gudu zuwa gida don tara kwanoni. Injiniya na ta ihu da Faransanci cewa mun same shi, mun same shi tun daga farko. Rufin rumfar ya ɗaga gefe ɗaya, muka rungume ordinater da leda muna dariya kamar mahaukata.

Da na ɗago ban ga Kawu a tsaye ba. Na fita cikin ruwan na same shi zaune dirshan a cikin laka, ya jingina da farin akwatin, rigarsa ta manne masa a jiki. Na durƙusa na kama hannunsa.

"Kawu, lafiya? Tashi mu shiga rumfa."

"Bar ni tukuna, ɗiyata. Tun da na yaye tabarmar nan ban san inda ƙafafuna suke ba."

"Ashe ka tsorata? Ai na ɗauka ka tabbata."

"Tabbata?" Ya share ruwa daga fuskarsa. "Ni ma haka uwata ta koya mini, ba a nuna shi. Da ya buɗe a tsakiyar nan, na ce shi ke nan, na kashe wa mutane shuka." Ya ja numfashi. "Kin samu abin naki?"

Na ce na samu.

"To tashi ki je ki auna, kada ki tsaya a kaina ya wuce ki."

Na koma rumfa na zauna gaban ordinater, amma idona na kan Kawu a cikin ruwan, sai injiniya ne ya karɓi aikin.